Ladan Kuturu: Wa Ke da Alhakin Raunin Ɗan Koyon Sana'a?

Tun daga 1987, lokacin da Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, wato NDE, ta fara tura matasa wurin masu sana'o'in hannu domin su koyi abin dogaro da kai, kusan kowace gwamnati da ta zo sai ta ɓullo da nata shirin. Kafin wannan, Asusun Horar da Ma'aikata na ITF ya ƙirƙiro shirin SIWES a 1973 don ɗaliban manyan makarantu, sannan a 2016 aka kawo N-Power, wanda wani reshensa ya shafi gini, walda, aikin famfo da gyaran mota. Ba ni da ja a kan manufar waɗannan shirye-shirye. Abin da nake suka shi ne yadda ake auna nasararsu. A wurin bikin yaye ɗalibai, ana faɗin adadin waɗanda aka ɗauka, da waɗanda suka kammala, da kekunan ɗinkin da aka raba. Adadin da kunne ba ya ji shi ne na waɗanda suka shiga da yatsu goma suka fita da tara.

Ya kamata mu fara sanin inda ake kai waɗannan matasa. Mafi yawansu ba manyan masana'antu suke zuwa ba. Shagon walda ne a bakin titi, ko garejin makanikai, ko rumfar kafinta, irin waɗanda duk wanda ya taɓa ratsa Fanteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya san kamanninsu. A nan gwaninta take, babu shakka, kuma a nan haɗari yake kwance. Mai walda yana aiki da baƙin tabarau na kwalliya a maimakon garkuwar fuska. Hasken waldar ya ƙona fatar idon yaron da ke riƙe masa ƙarfe, ba zai ji komai ba sai cikin dare, ya farka kamar an zuba masa yashi a ido. Injin yankan ƙarfe an cire masa murfin kariya domin a sa faifan da ya fi girmansa. Mota tana tsaye a kan jak ɗaya, mutum yana kwance ƙarƙashinta. Tsohon hannu ya san inda zai kauce, domin jiki magayi, ya sha wuya ya koya. Sabon shiga kuwa bai san abin tsoro ba balle ya ji tsoronsa, ga ɗokin nuna ƙwazo, ga kunyar tambaya. Tarbiyyarmu ma ba ta taimaka masa a nan: yaron da aka raina a kan kada ya musa wa babba, da wuya ya ce wa maigidansa, "Ba zan taɓa wannan injin ba sai an gyara shi."

A lokacin da nake zaman horo a wani shagon sarrafa katako, injin tsaga ya ɗauke kan yatsu biyu na wani abokin koyona a makonsa na uku. Aka naɗe hannun da tsumma, aka kai shi kemis. Maigidan, wanda ba mugun mutum ba ne, ya biya kuɗin allura da na mota, ya ce Allah ya kiyaye gaba. Ba a rubuta komai a ko'ina ba. Da yaron ya daina zuwa, aka lissafa shi cikin waɗanda suka gudu daga horo.

Wani zai ce ai akwai doka. Ƙwarai kuwa akwai. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta killace sassan inji masu haɗari, ta hana a sa wanda bai ƙware ba a kan irin wannan inji ba tare da an koya masa an kuma sa masa ido ba, ta ce a kai rahoton duk haɗarin da ya kashe ma'aikaci ko ya hana shi aiki fiye da kwana uku. Amma tarar da ta yanka wa mai masana'antar da sakacinsa ya jawo mutuwa ko rauni ba ta wuce naira dubu biyar ba, kuɗin da a yau ba su sayi takalmin aiki ƙafa ɗaya ba. Shagunan da ake tura 'yan koyo kuma, da yawansu ba su da rajista, don haka sufeto bai ma san da zamansu ba.

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta fi wannan hangen nesa, domin ta ambaci ɗan koyo a cikin waɗanda take kira ma'aikata, ta kuma haɗa da masu ƙananan sana'o'i. Sai dai a nan ne gizo yake saƙa. Dokar ta ɗora wa mai ɗaukar aiki biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa ga asusun NSITF, ta ba wanda ya ji rauni kwana 14 ya sanar da mai aikin, shi kuma kwana 7 ya sanar da hukuma. To, wane ne mai ɗaukar aikin ɗan koyon da gwamnati ta turo? Maigidan zai ce shi ba ya biyan shi albashi, aro aka ba shi. Ofishin da ya turo shi zai ce alawus yake bayarwa, ba albashi ba, kuma haɗarin ba a harabarsa ya auku ba. Yaron ya zama jemage, tsuntsaye sun ce yana da haƙori, dabbobi sun ce yana da fiffike. Kafin a gano mai shi, kwanakin nan 14 sun daɗe da shigewa, alhali shi bai taɓa jin labarinsu ba.

Ba mu ne farkon faɗawa wannan rami ba. A Birtaniya, bayan raunuka da mace-macen matasa a shirin horon da aka fara a 1978 sun tayar da ƙura, an yi ƙa'ida a 1983 wadda ta ce a ɗauki ɗan koyon da ke ƙarƙashin sabon shirin gwamnati tamkar cikakken ma'aikaci ta fuskar dokar lafiya da kariya a wurin aiki. Ba ta kawar da haɗari ba, amma ta toshe ƙofar "ba nawa ba ne".

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan matsayina ita ce: idan aka tsananta sharuɗɗa, masu shaguna za su ƙi karɓar yara, shirin ya mutu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa ban ɗora nauyin a kan mai shago shi kaɗai ba. Wanda ya ci ladan kuturu, shi zai yi masa aski. Gwamnati ce take karɓar yabo da tafi a ranar yaye ɗalibai, ita ya kamata ta biya kason NSITF na kowane yaro daga kasafin shirin. Kayan da ake jira a raba a ƙarshen horo, a fara da garkuwar fuska, safar hannu da takalmi tun ranar farko. Jami'in da ke zagayawa duba rajistar zuwa aiki, ya duba murfin inji a wannan zuwan. Ba sai an ɗauki sabon ma'aikaci ba.

Akwai kuma batun ƙaddara, wadda ake saurin jawowa a rufe magana da ita. Na yi imani da ita. Amma mun taso muna jin cewa a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, kuma malaman fiƙihu sun yi dogon bayani a kan lamuni da diyyar gaɓoɓi, har da ta yatsa. Ban ga dalilin da zai sa takardar shiga horo, wadda take neman lambar asusun banki da hoton fasfo biyu, ta rasa layi ɗaya da zai faɗa wa yaro sunan ofishin da zai je da lambar da zai kira idan inji ya kama shi ba.