RoboCop: Ɗan Sandan Da Kamfani Ya Mallaka

A ɗakin taro na saman wani dogon bene, manyan kamfanin OCP sun hallara ana nuna musu sabon kaya. Mutum-mutumi ne mai ƙafa biyu da bindiga a kowane hannu, sunansa ED-209, an ƙera shi don ya karɓi aikin 'yan sanda. Aka miƙa wa wani ƙaramin ma'aikaci, Kinney, bindiga don gwaji. Injin ya umarce shi ya yar da ita, ya yar. Injin ya ci gaba da ƙirga daƙiƙa kamar ba a yi komai ba, sannan ya yi masa ruwan harsashi har ya zube a kan samfurin sabon birnin da kamfanin ke shirin ginawa. Gawar na nan kwance, shugaban kamfanin kuwa asarar kuɗin da jinkirin zai jawo ce ta dame shi.

Wannan fitowar tana farkon RoboCop, fim ɗin da kamfanin Orion ya saki a watan Yulin 1987. Edward Neumeier da Michael Miner suka rubuta labarin, Paul Verhoeven ɗan ƙasar Holan ya ba da umarni. An ce da farko jefar da rubutun ya yi, yana ganin shirme ne, sai matarsa Martine ta karanta ta sa shi ya sake dubawa. An kashe kimanin dala miliyan 13, fim ɗin ya samo sama da miliyan 53 a Amurka.

Masu kallo da yawa abin da suka riƙe shi ne jarumin ƙarfe da ba ya jin harsashi. Amma abin da fim ɗin ke bi tun daga farko shi ne wa ke da ɗan sanda, kuma wa yake yi wa aiki. A labarin, birnin Detroit ya talauce har ya ba kamfanin OCP kwangilar tafiyar da rundunar 'yan sanda. Kamfanin na son rushe tsofaffin unguwanni ya gina Delta City, don haka yana buƙatar tituna su yi tsit kafin a fara aiki. 'Yan sanda na mutuwa, kayan aiki babu, ƙungiyarsu na barazanar yajin aiki. Da gangan ake tura ƙwararru caji ofis mafi haɗari, saboda shirin RoboCop na jiran gawa. Alex Murphy, wanda Peter Weller ya fito a matsayinsa, shi ne gawar da aka samu.

Marubutan ba su yi nisa wajen nemo wannan tunani ba. Zamanin shugaban Amurka Ronald Reagan ne, lokacin da ake ta wa'azin cewa 'yan kasuwa sun fi gwamnati iya komai. A 1983 aka kafa Corrections Corporation of America a jihar Tennessee, kamfanin da sana'arsa ita ce tafiyar da gidajen yari. Detroit kuma, cibiyar ƙera motoci, tana da mutum sama da miliyan 1.8 a 1950, kafin 1980 sun ragu zuwa miliyan 1.2. Sai dai yawancin fim ɗin a Dallas aka ɗauka, ginin majalisar birnin ne ma aka mayar hedikwatar OCP.

Zubar da jinin da ke ciki ya yi yawa, har hukumar tace fina-finai ta Amurka ta yi ta mayar da shi kafin a rage wasu wurare ta ba shi matakin R. Duk da haka jinin ba iri ɗaya ba ne. Kisan Kinney an zuzuta shi har mai kallo ya yi dariya, daga baya ya ji kunyar dariyar. Kisan Murphy a tsohuwar masana'antar ƙarfe babu abin dariya a ciki: shugaban 'yan daba Clarence Boddicker ya fara harbe masa hannu, yaransa suka ci gaba suna shewa, kyamara ta ƙi kau da kai. Verhoeven, wanda aka haifa a 1938, ya yi ƙuruciyarsa a birnin Hague ƙarƙashin mamayar sojojin Jamus, ya ga gawarwaki a titi tun yana yaro, kuma hakan ya fito a yadda yake ɗaukar mutuwa.

Abin da ya fi kisan ciwo yana zuwa bayansa. Mai kallo na gani ta idon Murphy yana kwance, injiniyoyi na shawara a kansa. Sun ce sun iya ceto hannunsa na hagu, Bob Morton, matashin da ke jagorantar shirin, ya ce a cire. Hujjarsu ita ce Murphy ya sa hannu a takarda lokacin da ya shiga aiki, kuma a doka ya mutu, saboda haka jikin na kamfani ne. Daga baya RoboCop ya koma gidansa ya tarar babu kowa, an sa shi kasuwa, talabijin a kowane ɗaki na tallar gidan ga mai saye.

An ɗora wa RoboCop dokoki uku da kowane ɗan sanda nagari zai yarda da su: hidimar jama'a, kare marasa laifi, tsayar da doka. Akwai ta huɗu a ɓoye, wadda shi kansa bai san abin da ta ƙunsa ba sai ranar da ya je kama Dick Jones, mataimakin shugaban kamfanin kuma ubangidan Boddicker. Jikinsa ya ƙi motsi, domin an hana shi taɓa manyan OCP. A nan fim ɗin ya fi sauran takwarorinsa na wancan zamani gaskiya. The Terminator na 1984 tsoron injin da ya ƙwace daga hannun mutum yake nunawa. A RoboCop injin na hannun masu shi daram, kuma abin tsoron ke nan.

Ƙarshen labarin ma bai warware wannan ba. Murphy ya samu damar harbe Jones ne kawai bayan shugaban kamfanin ya furta cewa ya kore shi daga aiki. Jones ya faɗo daga bene, Murphy ya faɗi sunansa na asali, 'yan kallo suka ji daɗi. Doka ta huɗu na nan a kansa, OCP na nan da kwangilarta, shirin Delta City bai tsaya ba. Wanda ya fito daga sinima yana ganin adalci ya yi nasara bai lura cewa da izinin mai kamfani aka yi adalcin ba.

Rayuwa ta biyo fim ɗin a wasu wurare. A 2013 jihar Michigan ta naɗa wa Detroit manajan gaggawa, Kevyn Orr, wanda babu wanda ya zaɓe shi, kuma a Yulin shekarar birnin ya bayyana karyewar arziki da bashin kimanin dala biliyan 18. A Yulin 2016, a Dallas ɗin da aka ɗauki fim ɗin, 'yan sanda suka ɗaura bam a jikin mutum-mutumi suka kashe wani ɗan bindiga da ya harbe jami'ansu biyar. A ƙarshen 2022 majalisar birnin San Francisco ta amince 'yan sanda su yi kisa da irin waɗannan injuna, jama'a suka yi ca, cikin mako guda ta janye amincewar.