Jinjina ga Masu Turi na Madalla

Masu turin fina-finai a Madalla, can gindin Dutsen Zuma, sun cancanci yabo. Kwamfuta ɗaya, janareta, benci, sai wayoyi jere suna jiran layi. Ta hannunsu matasa da yawa suka san The Flash, shirin Amurka da ya fara a 2014. Tun kashin farko rumfar masu turi ta kaure da musu: wa ya kashe mahaifiyar Barry Allen, jarumin shirin? Da Dakta Wells, wanda a shirin ake zaton gurgu ne, ya miƙe daga keken guragu, wasu suka rantse cewa da hannunsa a kisan. Abin da ya fi burge ni, mai turi kan riga kowa kallo, amma ko ka roƙe shi, ba zai ɓata maka labari ba.