Dogon Zango Ba Wurin Gwajin Sabon Takalmi Ba Ne

Duk bayan shekara biyu, idan watan Afrilu ya kama, akwai wani yaro da muke aiki tare da ba ya barina in sha ruwa. Kamfanin Canonical ya saki sabuwar Ubuntu mai alamar LTS, shi kuma ya riga ya sauke ta tun cikin dare da datar garaɓasa. Da safe sai ya tsaya mini a ka: "Yaya, ka ga abin da suka zuba a ciki kuwa? Yaushe za mu ɗora wa injinan ofis?" Amsata ba ta sauyawa. Nakan ce ya je ya karanto mini abin da suka cire da abin da suka sauya wa hali, sannan mu zauna. Yana ganin tsufa ne ya fara kama ni. Wataƙila da gaskiyarsa, amma ina da hujja, kuma hujjar tana ƙara nauyi kowace shekara.

Waɗannan haruffa uku, LTS, suna nufin tallafi na tsawon lokaci. Ni nakan kira ta fitowar dogon zango. Ubuntu tana fita sau biyu a shekara, a Afrilu da Oktoba, kuma irin waɗannan na yau da kullum wata tara kacal ake kula da su. Ta dogon zango kuwa, wadda aka fara a watan Yuni na 2006, shekara biyar take samu kyauta. Red Hat na ba kowace babbar fitowarsa shekara goma. Microsoft ma yana da tasa, LTSC, wadda shi da kansa ya ce ba don kwamfutar ofis ta kullum ya yi ta ba, don na'urori ne irin su injin cirar kuɗi da kayan aikin asibiti, inda ba a son a wayi gari a ga allo ya sauya fuska.

To me mutum yake saye idan ya ɗauki irin wannan? Alkawari yake saye, cewa abin da ya yi aiki ranar Litinin zai yi aiki ranar Litinin ta baɗi, haka ta baɗin baɗaɗa. Dubi Red Hat Enterprise Linux 7: ta fito a Yunin 2014 da kanel 3.10, wato zuciyar tsarin da ke magana da ƙarfen na'ura, ta kuma kai ƙarshen Yunin 2024 da wannan lamba ɗin dai. Ba wai an bar ta ta ruɓe ba ne. Duk lokacin da aka gano wata ɓaraka a sabuwar kanel aka gyara, injiniyoyi sukan yanko gyaran kaɗai su ɗinka shi a jikin tsohuwar, ba tare da sun jawo sauran sababbin abubuwan da ke kewaye da shi ba. Aikin faci ne, irin na telan da zai ɗinke maka aljihun babbar riga ba tare da ya taɓa aikin wuyanta ba. Ba aikin da ake tafa wa mutum a kansa ba ne, ba ya shiga talla, amma shi ne ainihin hajar.

Wanda yake son ganin amfanin jinkiri ya tuna watan Maris na 2024. Wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga wata na'urarsa ta SSH yana ɗaukar kamar rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Ya bi diddigi, sai ga shi an dasa ƙofar baya a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayiloli da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita. Wanda ya dasa ta ya shafe kimanin shekara biyu yana taimakon aikin har aka amince da shi. Gubar tana cikin fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1 ne, kuma ta riga ta shiga rassan gwaji na Debian da Fedora. Tsayayyun tsare-tsaren kamfanoni ba ta taɓa su ba, don dalili guda: suna kan tsohuwar xz. Ubuntu 24.04 tana kan hanya a lokacin, sai da aka ɗage fitowar gwajinta da mako guda aka sake gina kayanta. Da an ƙara wasu makonni ba a gano ba, da an rufe gubar a cikin tukunyar da za a ci shekaru ana ci daga gare ta.

Abin da yake damuna shi ne yayin da ake yi yanzu. Shekarun alkawari suna ƙara tsawo a takarda, amma abin da aka yi alkawarin ba zai motsa ba yana raguwa.

Ɗauki tsawon tukuna. A 2024 Canonical ya ce mai biyan kuɗi zai iya samun shekara goma sha biyu, tun daga 14.04. Abin sha'awa. Sai dai shekara biyar ta kyauta ta fi shafar babban rumbun da kamfanin ke kula da shi da kansa, mai manhajoji kamar 2,300. Ɗaya rumbun, wanda ya haura 23,000, cikakken gyaran tsaronsa sai da rajistar Ubuntu Pro. In yi musu adalci, kyauta ce ga mutum har na'ura biyar. Amma makaranta mai kwamfuta arba'in ba mutum ba ce. Microsoft kuwa baya ya ja: LTSC ta 2019 shekara goma aka ba ta, ta 2021 aka rage zuwa biyar, aka bar goman ga nau'in IoT kaɗai. Haka aka maimaita a Windows 11 LTSC ta 2024. Su kuma mutanen CentOS ba su manta da Disambar 2020 ba, lokacin da aka sanar cewa CentOS 8, wadda suka tsara rayuwarsu a kanta har 2029, za ta ƙare a ƙarshen 2021. Daga wannan ɓacin rai aka haifi Rocky Linux da AlmaLinux.

Amma ba shekarun ne suka fi ci mini tuwo a ƙwarya ba. Ƙofofin da aka huda a jikin katangar ne, waɗanda sabon abu ke shigowa ta cikinsu alhali lambar da ke kan ƙofar gida ba ta sauya ba.

A Ubuntu ta tebur, kanel ɗin da ka fara da ita ba ita za ka ƙare da ita ba. Akwai tsarin da ake kira HWE, wanda ke kawo kanel ɗin fitowar wata shida-shida ya ɗora maka a kan ta dogon zangonka. Ga mai sabuwar kwamfutar cinya da katin wayarlas ɗinta ya ƙi tashi, wannan rahama ce. Ga wanda ke da na'urar ɗaukar zanen yatsa ko tsohuwar firinta mai direban da aka haɗa da ƙyar, kowace sabuwar kanel wata jarrabawa ce da bai yi rajistarta ba. Ana iya komawa kan kanel ta asali a zauna, amma sai wanda ya san da zancen. Sannan ga Snap, wani tsarin kawo manhajoji. Tun daga 22.04 Firefox ta koma zuwa a matsayin Snap, a 24.04 Thunderbird ta biyo ta. Shi wannan tsarin, in ba ka hana shi ba, sau huɗu a rana yake leƙawa ya ga ko akwai sabo, ya ɗauko ya ɗora. Shekaru aka yi ana ƙorafi kafin a ba mutane umarnin dakatar da shi yadda suke so. Mutanen Linux Mint ba su jira ba, tun 2020 suka toshe shi a nasu tsarin.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba ta banza ba ce. Burauza ba abin da za a daskarar na shekara biyar ba ce, ita ce ƙofar da ɓarayi suka fi ƙwanƙwasawa. Na yarda. Na kuma yarda cewa aikin facin nan yana cin mutane. A 2023 aka sanar cewa kanel ɗin Linux na dogon zango za su koma shekara biyu maimakon shida, kuma cikin dalilan da aka bayar har da gajiyar masu kula da su. Duk kamfanin da ya yi alkawarin shekara goma, shi zai ɗauki sauran kayan a kansa. Kuma zama a kan tsoho ba tare da faci ba shi ma halaka ne: a Mayun 2017 muguwar manhajar nan WannaCry ta durƙusar da asibitoci a Ingila ta wata ɓaraka da Microsoft ya riga ya fitar da gyaranta wata biyu kafin nan. Don haka ba cewa nake a rufe ƙofa a haɗiye makulli ba. Cewa nake akwai bambanci tsakanin gyaran rufin da ke yoyo da sauya wa mutum wurin ƙofar ɗakinsa yana barci. Kamfanoni sun fara haɗa su biyun a buhu ɗaya, suna kiransu da suna ɗaya.

Sai kuma kwalliya. Red Hat Enterprise Linux 10 ta fito a Mayun 2025, kuma cikin abubuwan da aka fi yi wa shela akwai mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira da za ka yi wa tambaya daga layin umarni. Ban ƙi ba, mai so ya ɗauka. Amma abin da ya shafe ni a wannan fitowar yana can ƙasa a rubutu ƙanana: ba ta tashi sai a kan furosesa mai matakin x86-64-v3, wato a ɓangaren Intel daga zuriyar Haswell ta 2013 zuwa sama. A Turai wannan ba labari ba ne. A nan kuwa, inda sabar ofis da yawa ta gwanjo ce da wani banki a can ya gama cin moriyarta, wannan layi ɗaya ya fi duk jerin sababbin abubuwan nauyi. AlmaLinux ta gane haka, ta yi wani gini daban don tsofaffin injina. Haka labarin Windows 11 da sharaɗinta na TPM 2.0, ga shi tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Je ka kasuwar kwamfuta ka ƙirga nawa ne a kan tebur suka cika sharaɗin.

Akwai inda nake ganin an bi hanya. Da Canonical ya so maye gurbin sudo da manyan umarnonin tushe da waɗanda aka sake rubutawa da yaren Rust, sai ya fara saka su a 25.10, fitowar wata tara, domin a sha wahalarsu a can kafin 26.04. Amfanin gajerun fitowa ke nan, su ne filin gwaji. Damuwata ɗaya: wata shida kaɗan ne ga kayan da za su gaji waɗanda aka shafe shekaru talatin da ɗoriya ana gogawa. Rubutun umarni nawa ne ke kwance a sabobin duniya, wanda marubucinsa ya bar aiki tuntuni, ya dogara da wani ɗan hali na tsohon umarni da ba wanda ya taɓa rubutawa a littafi? Su kansu masu Ubuntu sun san sabuwar fitowa ɗanya ce, shi ya sa ba sa tayin ɗagawa ga masu tsohuwar LTS sai fitowar gyara ta farko ta zo. Ta 24.04 sai ƙarshen Agusta ta fito, kuma ko a nan sai da aka ɗan dakatar da ɗagawar saboda wata matsala da ta ɓullo.

Ni ma ba da karatu na koyi wannan ba. Shekarun baya, wata ranar Alhamis da yamma, na ga sanarwar sabuwar fitowa a kwamfutar da ke lissafin albashin wata makaranta da nake yi wa aiki. Ina da data, akwai wuta, sai na danna. Komai ya tafi lafiya, allo ya yi kyau. Da safe manhajar albashin ta ƙi buɗewa, domin tana neman wani tsohon ɗakin karatu na manhaja da sabon tsarin ya yar. Kamfanin da ya sayar musu da ita ya daina ɗaga waya tun bara. Ranar 27 ga wata ce. Akawun, dattijo ne mai haƙuri, bai yi faɗa ba. Ya dai jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya ce, "Malam, malamai sittin ne ke jira, ni dai ina nan." Zaman nan nasa ya fi zagi ciwo. Sai bayan sallar Juma'a na samu na mayar da tsohon tsarin daga wani kwafi da Allah ya sa na ajiye. Laifin nawa ne ɗungurungum, babu wanda ya tilasta mini dannawa.

Shi ya sa yanzu, ni da yaron nan, mun yi yarjejeniya. Akwai wata tsohuwar kwamfuta a lungun ofis da muka bar masa. Duk sabuwar fitowa a nan take sauka ranar da ta fito, ya yi wasa da ita yadda ya ga dama, ya jona mata firinta da na'urar zanen yatsa da manhajar albashi, ya rubuta duk abin da ya karye a wani littafi mai bango ja. Sauran injinan suna kan kanel ta asali, Snap a ɗaure, gyaran tsaro kaɗai ke wucewa. Idan fitowar gyara ta farko ta zo, muka buɗe littafin muka ga shafin ya yi sauƙi, sai mu zaɓi mako na biyu na wata, ranar Talata da safe, mu fara da kwamfutar da ba ta taɓa kuɗin kowa.