Waƙar "Mbube" da Sauye-sauyen da Ta Fuskanta

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1939 ne Solomon Linda da ƙungiyarsa ta Evening Birds suka ɗauki waƙar "Mbube" a faifai a kamfanin Gallo da ke Johannesburg, a Afirka ta Kudu. Da harshen Zulu aka rera ta, kuma ma'anar sunanta "zaki". Wannan takarda za ta nuna cewa duk lokacin da aka sake rera waƙar a ƙetare, sai ta ƙara farin jini amma ta yi asarar wani abu nata na asali.

2.0 Asalin Waƙar

Salon waƙar na jagora da 'yan amshi ne. Mazaje masu kaurin murya suna riƙe da amshi, Linda kuma yana hawa samansu da siririyar murya. Dab da ƙarshen faifan ne ya ƙago wani ɗan gajeren karin murya, wanda daga baya ya zama abin da duniya ta san waƙar da shi. Ta karɓu har aka sanya wa wannan salon waƙa sunanta.

3.0 Sake Rerawa

A 1951 ƙungiyar Weavers ta Amurka, wadda Pete Seeger ke cikinta, ta rera ta da sunan "Wimoweh". Wannan suna ba shi da ma'ana a Zulu, kunnen Seeger ne bai kama kalmar amshin daidai ba. A nan waƙar ta rasa harshenta. An kuma ɗauke ta tamkar waƙar gargajiya marar mai ita.

A 1961 George David Weiss da abokan aikinsa suka sa mata baitocin Ingilishi, ƙungiyar Tokens ta rera ta da sunan "The Lion Sleeps Tonight", ta kai matsayi na ɗaya a Amurka. Wannan rerawa tana da daɗin saurare, sai dai jigon ya sauya: waƙar mazaje mai ƙarfi ta koma tamkar ta lallashin yaro. Tight Fit ta kai ta matsayi na ɗaya a Birtaniya a 1982, sannan ta shiga fim ɗin The Lion King a 1994. Miriam Makeba kuwa ta rera ta a 1960 da sunanta na asali.

4.0 Kammalawa

Linda ya rasu a 1962 cikin talauci. Sai bayan rahoton ɗan jarida Rian Malan a mujallar Rolling Stone a 2000, da ƙarar da aka shigar a 2004, aka sasanta da magadansa a 2006. Darasi ga ɗalibin harshe shi ne, kalma ɗaya da aka ji ba daidai ba ta taimaka wajen raba waƙa da mai ita. Don haka wajibi ne mai nazarin waƙar baka ya rubuta sunan mawaƙi da harshensa da shekarar ɗauka tun kafin ya shiga tarke.