Sharhi: Kogon Da Ba A Gama Haƙawa Ba

A shekarar 1976 wani Ba'amurke, Will Crowther, ya fito da wasan kwamfuta mai suna Adventure. Babu hoto, rubutu ne zalla: na'ura ta bayyana maka inda kake, ka rubuta mata umurni da kalma ɗaya ko biyu, ta ci gaba da labari. Wato mai karatu shi ne tauraron.

Wajen siffanta wuri kam ya yi ƙoƙari, domin ya sha shiga kogon Mammoth na jihar Kentucky, ya san lungunansa. To amma labarin fa? Kayan dukiya biyar ne kacal, wasu hanyoyin ba su kai ko'ina, kuma babu ƙurunƙus. Ka wahala ka tara dukiya, ba mai ce maka ka gama. Sai a 1977 Don Woods na Jami'ar Stanford ya ƙara goma, ya sa maki da ƙarshe.

Mu nan Dodoru mun san wannan ciwo: ɗaliba ta sayi littafin soyayya na Kano, marubuci ya tsaya ana gobe ɗaurin aure, littafi na biyu har yau shiru. Shi dai Crowther bai karɓi kuɗin kowa ba.