Masu Riƙon Littafin Zuriya a Bakin Kogin Ganga

A Haridwar, inda kogin Ganga ya gama gangarowa daga duwatsun Himalaya ya miƙe a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, akwai mutanen da sana'arsu ita ce su san kakannin baƙo fiye da yadda shi baƙon ya san su. Panda ake ce musu. Malaman addinin Hindu ne daga zuriyar Brahmin, kuma su ne ke tarbar masu ziyarar ibada, su nema musu masauki, su ja musu gaba a hidimomin da suka kawo su bakin ruwa. Wannan kowa yana gani. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wanda ke ɗaure cikin jan ƙyalle a ɗakunansu, wato littattafan zuriya da suke kira bahi.

Garin yana jihar Uttarakhand, sama da kilomita 200 arewa da Delhi, kuma yana cikin birane bakwai da mabiya Hindu suka fi tsarkakewa. Yana kuma cikin wurare huɗu da ake taron Kumbh Mela, tare da Prayagraj da Ujjain da Nashik. An yi nasa a 2010, aka sake a 2021. Mai yawon buɗe ido yakan tsaya kan matakalar Har Ki Pauri da ke bakin kogin da magariba, ya kalli fitilun da ake sakawa a ruwa, ya ɗauki hoto, ya kama gabansa. Da zai kutsa lungunan da ke bayan matakalar, da ya tarar da tarihin da ya fi na gine-ginen zurfi.

Tushen abin mutuwa ce. Mabiya Hindu suna ƙona gawa, kuma iyalai da yawa, musamman na arewacin Indiya, suna kawo tokar mamacinsu su zuba a Ganga. Ke nan idan aka yi rashi a irin waɗannan gidaje, sai wani ya tako zuwa Haridwar. Idan an gama hidimar ruwa, sai baƙon ya zauna gaban pandan gidansu ya ba da labari: wane ya rasu, wane ya yi aure, an haifi wane da wane, wane ya tashi daga ƙauye ya koma birni. Panda ya rubuta, ya sa kwanan wata, baƙo ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Bayan shekara ashirin ko talatin wani daga gidan ya sake zuwa, a ɗora daga inda aka tsaya. Haka shafi ke bin shafi, har a wasu littattafan a kai ɗaruruwan shekaru baya.

Sai dai rubutawar ba ita ce wahalar ba. Gwanintar tana wajen nemowa.

A ce saurayi ya sauka daga jirgin ƙasa (layin dogo ya isa garin tun 1886), an haife shi a Mumbai ko a Landan, bai taɓa zuwa ba, bai san sunan pandan gidansu ba. Pandan da ya fara cin karo da shi ba zai damu da sunansa ba tukuna. Zai tambaye shi asali. Mutanenku daga wace gunduma suke? Wane ƙauye? Wane dangi, wace zuriya? Mene ne sunan mahaifinka, da na kakanka? Dalili kuwa, ba a jera littattafan bisa sunan mutum ba, an jera su ne bisa ƙasa. Kowane gidan panda yana da yankunan da ya gada, wannan na wasu gundumomin Punjab, wancan na wani sashen Rajasthan, kuma sun san rabon juna sarai. Idan saurayin ba nasa ba ne, zai tura shi gun mai shi. Duk wanda ya san aikin fatoma a zangon fatake, wanda baƙin gari kaza ba sa sauka ko'ina sai a gidansa, uba ya sauka ɗa ma ya sauka, zai gane tsarin nan take. Su ma iyalin da panda ke yi wa hidima, waɗanda yake kira jajman, gadonsu ya yi, kuma ɗansa zai gaje su.

Sau da yawa baƙon bai riƙe komai ba sai guntun bayani: sunan ƙauye da ya ji a bakin kakarsa, wataƙila ma a karkace, da sunan wani kogi ko kasuwa da ke kusa. A nan ake gane ƙwararre. Ƙauyuka goma na iya amsa suna ɗaya, gundumomi an tsaga su an sake musu suna, amma shi yana ɗauke da tsohuwar taswirar a ka. Yakan bi da tambaya a hankali, kamar mai warware zare, har ya ware guda. Sa'an nan ya miƙe ya ɗauko ƙunshi ɗaya daga cikin tarin da ke kan kanta, ya kwance igiya, ya buɗe. Takardun dogaye ne sirara, an naɗe su biyu, gefensu ya yi duhu saboda yawan taɓawa. Ya riƙa juyawa da sauri, yana karanta sunaye a bayyane da wata irin murya mai tashi da sauka, wane ɗan wane, ɗan'uwan wane, har ya tsaya ya juyo da shafin ya nuna da yatsa. Ga sa hannun kakan kakanka.

Karanta shafin ma ilimi ne mai zaman kansa. Wani an rubuta shi da haruffan Devanagari, wani da Urdu, wani da Gurmukhi na mutanen Punjab, wani kuma da tsohon rubutun 'yan kasuwa irin su Landa, wanda galibi ba a sa masa wasali, sai mai karatu ya cike da saninsa na sunayen yankin. Kwanan watan kuma sau da yawa na kalandar Vikram Samvat ne, wadda ta riga ta Miladiyya da shekara 56 zuwa 57, don haka dole ya iya juya lissafi. Ba a makaranta ake koyon wannan ba. Yaro yana tashi ne a gefen uba, yana miƙo littafi, yana jin sunayen ƙauyukan da bai taɓa takawa ba har su zauna masa.

Amfanin aikin ya fito fili bayan 1947, lokacin da aka raba Indiya da Pakistan, miliyoyin mutane suka bar gidajensu. Iyalan Hindu da na Sikh da suka taso daga Lahore da Multan da Rawalpindi da Sialkot sun baro gonaki da takardu, wasu da kayan jikinsu kaɗai suka tsira. Amma a Haridwar shafukansu na nan ƙarƙashin sunan tsohon ƙauyen, kuma har yau a nan ake neman jikokinsu. Kotunan Indiya ma sun sha karɓar waɗannan littattafai a matsayin hujja a shari'ar gado, domin bayani ne da aka rubuta tun kafin rigimar ta taso, daga bakin 'yan gidan da kansu.

Akwai giɓi, kuma bai kamata a rufe shi ba. Tsofaffin shafukan ta wajen maza suke bi, sunayen mata ƙalilan ne, sai daga baya aka fara shigar da 'ya'ya mata da matan aure sosai. Wanda kuma talauci ko matsayin danginsa a cikin al'umma ya hana shi zuwa, ba zai ga kakansa a ciki ba. Duk da haka, ban san wata hukuma da ta ɗauki albashin panda ba. Da kyautar da baƙi ke bayarwa suka rayu, suka kuma kare takarda daga gara da danshin damina, idan ta fara rubewa su kwafe ta da hannu a sabuwa.

Ba Haridwar kaɗai ke da su ba. Ana samun irinsu a Kurukshetra da Pehowa da Gaya da Trimbakeshwar kusa da Nashik. Tun shekarun 1980 wata ƙungiyar binciken zuriya ta jihar Utah a Amurka ta fara ɗaukar hoton wasu daga cikin littattafan don adanawa. Ba kowane panda ne ya yarda ba, kuma ina ganin uzurinsa a fili yake. Bahi dukiya ce da ake rabawa a gado kamar gona, kuma ita ce igiyar da ke ɗaure shi da jajman ɗinsa. Hoto zai ceci rubutun daga ruwa da wuta, wannan gaskiya ne. Amma wanda ya zo da sunan ƙauye a karkace da rabin sunan kaka, kwamfuta ba za ta san tambaya ta biyu da za ta yi masa ba, sai an sami wanda ya girma yana jin sunayen nan ya zauna da shi.