Fim Goma a Faifai Ɗaya: Ina Aka Kai Sautin?

Idan ka taɓa sayen faifan nan mai fim goma a kasuwar Tambuwal ko ta Kebbe, ka san yadda waƙa ke fitowa kamar daga cikin rijiya. Kada ka ga laifin lasifikarka, matsalar tana jikin faifan.

CD na waƙa yana zubo kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa. Da VCD ya fito a 1993, sai aka matse sautin zuwa 224 da tsarin MP2, wato a zubar da abin da kunne ba ya lura da shi. Dabara ce mai kyau. DVD, da ya biyo a 1996, ya ƙara buɗe ƙofa: Dolby Digital har 448, ko PCM wanda ba a matse shi sam.

To amma faifai mai gigabait 4.7, fim na wajen awa biyu aka auna masa. Wanda zai cusa goma dole ya tauye hoto da sauti, mai saye kuwa hoton kaɗai yake dubawa. Siraran sautuka ke fara tafiya: "s", "sh" da "ts" su cakuɗe, kiɗa ya dushe.

Abin takaicin, irin waɗannan faifan ake kwafo wasu tsofaffin finafinan Hausa a ɗora YouTube, can ma a sake matsewa. Abin da aka zubar kuwa ba ya dawowa. Idan kana da kaset ko faifan asali a gida, ka adana shi da kyau, wataƙila shi ne mafi ingancin da ya rage.